Kiɗan Masana'anta, Rawar Masoya

Laccar da aka gabatar a daren raya al'adu na Ƙungiyar Ɗalibai, a kan waƙoƙin rawa na ƙungiyoyin mawaƙan Turai da Amurka, daga 1996 zuwa 2001



GABATARWA

Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku. Ba mu shakka cewa tun ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca akwai waɗanda suka karanta suka taɓe baki, suna cewa a duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasa, a rasa abin tattaunawa a jami'a sai waƙoƙin rawa na samarin Turawa. Muna ganin girman wannan ra'ayi. Amma muna roƙon masu shi su yi mana haƙuri na ɗan lokaci, domin duk abin da ya iya tayar da miliyoyin mutane daga zaune, ya sa su taka rawa iri ɗaya a ƙasashen da ba su jin harshen juna, ya kuma juya kuɗin da suka fi kasafin waɗansu gwamnatoci, lalle ya cancanci mai ilimi ya tsaya ya dube shi da idon basira.

Abin da muke so mu tabbatar a daren nan abu guda ne. Waɗannan waƙoƙi an ƙera su ne kamar yadda ake ƙera sabulu ko ashana, da niyyar ciniki tun daga farko har ƙarshe. Duk da haka daɗin da masoyansu suka ji daɗi ne na gaskiya, wanda bai kamata kowa ya ji kunyarsa ba. Sai dai masoyin da ya taka jami'a yana da wani nauyi a kansa wanda babu shi a kan yaro ɗan shekara 13, watau ya san wanda ya yi aikin, ya kuma san wanda ya ci kuɗin.

YADDA AKA HARHAƊA ƘUNGIYOYIN

Dabarar tara samari a koya musu waƙa da rawa da iya tsayuwa gaban jama'a ta girmi zamanin da muke magana a kai. A shekarar 1959 wani Baƙar Fata mai suna Berry Gordy, wanda ya taɓa yin aiki a masana'antar motoci a birnin Detroit na Amurka, ya kafa kamfanin faifai da aka sani da Motown. Ya ɗauko tsarin masana'anta ya ɗora wa kiɗa: masu rubuta waƙa daban, makaɗa daban, mai koyar da rawa daban, har da mai koyar da ladabin magana da sa tufafi. Daga wannan gida ne 'yan Jackson 5 suka yi suna. A cikin shekarun 1980 kuma wani mai haɗa kiɗa, Maurice Starr, bayan ya yi aiki da samarin Baƙar Fata na New Edition, sai ya tara Turawa biyar a kan wannan tsari ya kira su New Kids on the Block, kuɗi suka yi ta shigowa kamar ruwan sama. Yana da kyau mu riƙe wannan a zuciya: salon kiɗan da rawar da aka sayar wa duniya a bakin samarin Turawa, tushensa yana wurin Baƙar Fatar Amurka.

Wani ɗan kasuwa mai ba da hayar jiragen sama, Lou Pearlman, ya ga irin dukiyar da New Kids suka tara, sai ya ce shi ma bari ya gwada. A 1993 ya kira gwaji a garin Orlando na jihar Filorida, ya haɗa samari biyar, aka sa musu suna Backstreet Boys. A 1995 aka kafa wata ƙungiyar ta samari biyar a wannan gari da kuɗinsa, watau NSYNC, wadda Justin Timberlake yake ciki. Ashe mutum ɗaya ne ya mallaki manyan abokan hamayya biyu, masoya suna ta musu a kan wace ce ta fi, riba kuwa tana zuba a aljihu ɗaya. Wani abin lura kuma shi ne, dukkansu biyu ba a gida suka fara karɓuwa ba. A Jamus da maƙwabtanta aka fara yi musu tururuwa, sa'an nan daga baya Amurka ta waiwayo.

A Ingila ma haka aka yi. A 1994 aka buga talla a wata jaridar 'yan wasa mai suna The Stage ana neman 'yan mata masu iya waƙa da rawa. Ɗaruruwa suka zo, daga cikinsu aka tace har aka sami Spice Girls, waɗanda waƙarsu ta farko, “Wannabe”, ta fito a 1996 ta hau kan jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a ƙasashe 37. Da suka sallami manajansu Simon Fuller a ƙarshen 1997, bai zauna zaman makoki ba, sai ya tara mata huɗu da maza uku ya kira su S Club 7, ya shirya musu wasan kwaikwayo a talabijin na BBC a 1999, domin yara su san fuskokinsu tun kafin faifansu ya shiga kanti. Ga kuma Steps, mata uku da maza biyu, da aka haɗa a 1997. Ko ina ka duba hanyar ɗaya ce: talla, gwaji, horo, sa'an nan kasuwa.

MAƘERAR STOCKHOLM

To, samari sun samu, saura waƙa. A nan ne labari ya karkata zuwa inda ba a zata ba, watau ƙasar Suwidin, wadda yawan mutanenta a lokacin bai kai miliyan 9 ba. Ƙasar ta riga ta saba da sayar wa duniya waƙa cikin Turanci tun lokacin da ABBA suka ci gasar waƙa ta ƙasashen Turai a 1974. A birnin Stockholm akwai wani ɗakin ɗaukar waƙa mai suna Cheiron, wanda aka kafa a 1992. Jigonsa wani mai sa faifai a gidajen rawa ne da ake kira Denniz Pop. Sana'arsa ta farko ta koya masa abin da ba a koyarwa a aji: ya shekara da shekaru yana kallon filin rawa, yana ganin daidai inda kiɗa yake tayar da mutane da inda yake mayar da su kan kujera. Shi ne ya haɗa wa Ace of Base kiɗan da ya fitar da su duniya. Shi ne kuma ya ɗauko wani saurayi mawaƙin wata ƙungiyar kiɗan jita mai ƙara, Karl Martin Sandberg, ya koya masa aiki, ya raɗa masa sunan da duniya ta san shi da shi, Max Martin. Su biyun ne suka rubuta “Everybody”, waƙar da Backstreet Boys suka girgiza filayen rawa da ita a 1997.

Mene ne sirrin wannan maƙera? In mun kasa kunne za mu ji abubuwa kamar huɗu. Na farko, waƙar ba ta ɓata lokaci: tun daga bugun farko akwai wata alama ta sauti da za ta sa ka gane ta ko da daga shagon maƙwabci ka jiyo. Na biyu, ba a jan rai kafin a kai ga amshi, kuma duk abin da ya zo kafinsa aikinsa shi ne ya sa kunne ya ƙosa ya ji shi. Na uku, gangar tana da nauyi da tsabta, akwai kuma 'yan gurabe na shiru da ake bari da gangan tsakanin bugu da bugu, waɗanda jiki yake cikewa da motsi. Na huɗu, gab da ƙarshe sai a sassauta kiɗan kamar zai mutu, sa'an nan a dawo da amshin da ƙarfi, sau da yawa a ɗaga murya mataki ɗaya sama, muryoyi biyar a jere bisa juna. Duk wannan cikin minti uku zuwa huɗu.

Game da kalmomi kuwa, mutanen Cheiron sun ɗauki kari a matsayin ubangida, kalma kuma baransa. In gaɓoɓin kalma sun zauna daidai a kan kari, an karɓe ta, ko da ma'anar ta yi ɗingishi. Turanci ba harshen uwarsu ba ne, saboda haka kunnensu ya fi kula da daɗin furuci. Shahararren misali shi ne “I Want It That Way” ta 1999, wadda Turawa da kansu suka daɗe suna gardama a kan abin da baitocinta suke nufi. An ma ɗauki wani nau'inta da kalmomin da suka fi ma'ana, amma aka ajiye shi aka fitar da na farko, domin ya fi daɗin rerawa. Wannan ya bayyana mana dalilin da ya sa yaron da ke Manila ko Legas ko Kaduna, wanda Turancinsa bai taka kara ya karya ba, yake iya rera amshin daga farko har ƙarshe. Waƙar da baƙon harshe ya rubuta ta fi sauƙin shiga bakin baƙon harshe.

Denniz Pop bai ga ƙarshen abin da ya shuka ba. Ciwon daji ya kashe shi a watan Agusta na 1998 yana da shekara 35, aka kuma rufe Cheiron a 2000. Yawancin waɗanda suka taka rawa da kiɗansa ba su taɓa jin sunansa ba.

RAWAR DA KOWA ZAI IYA

Waƙar irin waɗannan ƙungiyoyi ba ta cika sai da rawarta, kuma rawar tana da fuska biyu. Akwai ta gwaninta, wadda mawaƙan suke shafe makonni suna maimaitawa gaban madubi har mutum biyar su zama kamar jiki ɗaya, suna yi kuma suna rera waƙa, numfashi bai yanke ba. Wanda duk ya taɓa gwada yin magana bayan ya hau bene hawa uku da gudu zai san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai kuma ɗan guntun motsi mai sauƙi da ake dasawa a kan amshi domin masu kallo su ɗauka. A “Bye Bye Bye” ta NSYNC, wadda ta fito a farkon 2000, malamin rawa Darrin Henson ya sa wani ɗaga hannu na sallama haɗe da dunƙule hannu da tsalle, wanda yaro ƙarami zai iya kwaikwaya a kallo ɗaya, har ya sami lambar yabo ta gidan talabijin na MTV a wannan shekara. 'Yan Steps kuwa sun kai abin maƙura, domin a cikin takardar faifansu har bayanin matakan rawar suke bugawa. A “Tragedy”, tsohuwar waƙar Bee Gees da suka sabunta ta hau kan jeri a Ingila a watan Janairu na 1999, abin da ake bukata kurum shi ne ka ɗaga tafukan hannu biyu zuwa gefen kai, kamar wanda aka gaya wa mugun labari.

A nan ne muke ganin asirin son da ake yi wa waɗannan waƙoƙi. Akwai kiɗan da yake cewa ka zauna ka saurari gwani, akwai kuma wanda yake buɗe maka fili ya ce shigo. Mu da muka tashi muna jin gaɗa a dandali ba mu bukatar dogon bayani: mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa, tafi ya ɗauka, ba a tambayar kowa takardar shaidar iya waƙa. Mai kunya da mai rawar kai, mai murya da marar murya, duk amshi ya ɗauke su. Mutumin da ya taɓa tsayawa cikin taron da ya ɗaga hannu lokaci guda ya san cewa abin da ya ji a ransa ba kamfani ne ya sayar masa ba.

ƘARFIN MASOYA

A watan Satumba na 1998 MTV ta fara wani shiri mai suna Total Request Live daga dandalin Times Square na birnin Niyu Yok. Masu kallo ne suke zaɓen hotunan waƙoƙi goma ta wayar tarho da intanet, a nuna su da la'asar daidai lokacin tashi daga makaranta. Nan da nan shirin ya zama fagen daga tsakanin masoyan Backstreet Boys da na NSYNC, 'yan mata suna cika titi a ƙarƙashin tagar ɗakin shirin har zirga-zirga ta tsaya. Ƙididdigar ciniki ta nuna ƙarfinsu. A watan Mayu na 1999 faifan Backstreet Boys mai suna Millennium ya sayar da fiye da kwafi miliyan 1.1 a Amurka cikin makonsa na farko. A watan Maris na 2000 na NSYNC, No Strings Attached, ya sayar da miliyan 2.4 cikin mako guda, ba a kuma sami wanda ya karya wannan tarihi ba sai Adele a 2015. Mawaƙan sun san inda arzikinsu yake, shi ya sa Backstreet Boys suka buɗe Millennium da “Larger Than Life”, waƙar rawa da aka yi musamman domin gode wa masoya.

Guguwar ta iso mu nan ma, ko da yake ta ƙofar baya ta shigo. Bayan da aka ba 'yan kasuwa izinin kafa gidajen rediyo da talabijin a Nijeriya a 1992, tashoshi suka yawaita, ga kuma tauraron ɗan'adam a gidajen masu hali. Amma babban jakadan waɗannan waƙoƙi shi ne kaset da faifan bidiyo na kwafi, waɗanda mawaƙan ba su taɓa ganin ko anini daga cinikinsu ba. Yayyenmu da suka yi makarantun kwana a wancan lokaci za su ba ku labarin littattafan rubutu da aka cika da baitocin Westlife, samarin ƙasar Ailan, waɗanda waƙoƙinsu masu taushi suka fi na rawa kama zukata a nan. A daidai wannan lokaci ne kuma samarinmu uku, Plantashun Boiz, suka fitar da faifansu na farko a Legas a 2000, alamar cewa tsarin haɗa muryoyin samari ya sami ƙasar da zai yi saiwa.

ZARGIN MASANA

Yanzu bari mu ba masu suka haƙƙinsu, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Tun a 1941 wani masanin falsafa Bajamushe, Theodor Adorno, yana zaune a Amurka, ya rubuta maƙala a kan waƙoƙin yayi. Ra'ayinsa shi ne, duk a ma'auni ɗaya ake yanka su, ana iya cire amshin wannan a liƙa wa waccan ba wanda zai lura, ɗan bambancin da ake sawa a sama kuma ado ne kawai domin mai saye ya zaci sabon abu ya samu. A ganinsa ma'aikacin da aiki ya gajiyar yana neman hutu, sai jari-hujja ta sayar masa da hutun da ba zai bar shi ya yi tunani ba. Wanda ya ji yadda aka haɗa S Club 7 zai ce ai kamar Adorno yana kallonsu ne ya yi rubutunsa. A kan wannan mu a nan muna iya ƙara namu ƙorafin: kaya ne na ƙasashen da suka yi mana mulkin mallaka, suna shigowa da tufafi da ɗabi'un da ba duka ne suka dace da tarbiyyarmu ba. Wannan gaskiya ce, kuma son kiɗa bai wajabta wa kowa ɗaukar duk abin da ya gani a hoton bidiyo ba. Mai hankali yana cin tuwo ya bar ƙanzo in ya ƙone.

Amma akwai wurare uku da muke ganin hujjar ta gaza. Na farko, tsayayyen ma'auni ba aibi ba ne a fasaha. Rubutattun waƙoƙinmu suna da ƙayyadadden kari da amsa-amo, 'yar ƙwar biyar ba ta zama 'yar ƙwar shida don marubuci ya ga dama, amma ba wanda ya ce saboda haka duk sha'irai ɗaya ne. A cikin ƙuncin ma'auni ne ake gane gwani. Na biyu, in da dabarar kaɗai ta isa, da duk wanda ya bi ta ya ci riba. Pearlman da kansa ya kafa waɗansu ƙungiyoyi da dama a kan wannan tsari, ba wadda ta kama ƙafar biyun farko. Kamfani yana iya kai kaya kasuwa, ba ya iya tilasta wa zuciya ta so. Masoya sun tace, sun zaɓa, sun watsar da ɗaruruwan waƙoƙi, suka riƙe 'yan kaɗan, waɗanda suka riƙe ɗin kuwa ga su nan da rai bayan shekara 25. Na uku, in mun duba da kyau, rabin rainin da ake yi wa waɗannan waƙoƙi raini ne ga masu sonsu, domin yawancinsu 'yan mata ne ƙanana. Haka aka yi wa 'yan matan da suka yi ta ihu a kan Beatles a 1964 dariya, yau kuwa ana nazarin Beatles a jami'o'i. Namijin da ya zubar da hawaye don ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi a ce yana da kishi, yarinyar da ta yi kuka don mawaƙinta a ce ba ta da hankali. Wannan ma'auni biyu ne, bai kuwa dace da masu neman ilimi ba.

KURA DA SHAN BUGU

Inda zargin jari-hujja ya fi zama daram shi ne wajen rabon kuɗi. Pearlman ya tsara takardun yarjejeniya yadda zai karɓi rabonsa na manaja, ya kuma ƙidaya kansa a matsayin na shida a cikin ƙungiyar mutum biyar, sa'an nan a cire kuɗin abinci da masauki da tafiye-tafiye daga rabon yaran. Waɗansu daga cikinsu ba su kai shekara 18 ba lokacin da aka sa hannu. A ƙarar da 'yan Backstreet Boys suka shigar a ƙarshen shekarun 1990, sun yi zargin cewa cikin shekarun farko na aikinsu abin da ya shigo hannunsu gaba ɗaya bai wuce dala 300,000 ba, alhali maigidan ya kwashi kimanin dala miliyan 10. Lance Bass na NSYNC ya ba da labarin yadda, bayan shekaru suna yawon duniya suna sayar da miliyoyin faifai, aka kira su liyafa aka miƙa wa kowannensu cek na dala 10,000. A 1999 suka ɓalle, aka yi shari'a, aka sasanta, suka koma kamfanin Jive. Saboda haka in kun ga hoton “Bye Bye Bye”, inda aka nuna su kamar 'yan tsana ana juya su da zare daga sama, ku san cewa akwai magana a ciki.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga baya ta bayyana cewa Pearlman ya shafe shekaru yana karɓar ajiyar mutane da bashin bankuna da sunan kamfanonin da a takarda kaɗai suke, yana biyan tsofaffin masu zuba jari da kuɗin sababbi, har abin ya haura dala miliyan 300. Ya gudu, aka kama shi a Indunusiya a 2007, aka yanke masa ɗaurin shekara 25 a 2008, ya mutu a tsare a 2016. A Ingila ba a yi irin wannan zamba ba, amma can ma ba kowane mawaƙi ne ya fita da abin kirki ba. A 2018 Paul Cattermole na S Club 7 ya sa kofin yabon da ƙungiyarsu ta ci a kasuwar gwanjo ta intanet saboda matsin rayuwa.

Wannan sashe ya shafe ku kai tsaye. A cikinku akwai masu rubuta waƙa, da masu shirin fim, da waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin da suke kula da haƙƙin mallaka da kwangiloli. Yaron da yake ɗokin a san shi zai sa hannu a kan kowace takarda aka miƙa masa. Duk wanda ya ji labarin Orlando ya kamata ya fita daga nan da ƙudurin cewa ba zai sa hannu a abin da bai karanta ba, ba kuma zai bari ƙaninsa ya sa ba.

FAƊUWAR KASUWA DA DAWOWAR WAƘOƘIN

Zamanin bai daɗe ba. A 1999, shekarar da cinikin faifai ya kai ƙololuwa a Amurka, wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya fito da Napster, manhajar da ta ba mutane damar musayar waƙoƙi kyauta ta kwamfuta. Ginshiƙin da aka gina masana'antar a kai, watau yarinya ta tara kuɗin kashewarta ta sayi faifai, ya soma girgiza. Masoyan kuma suka girma, mawaƙan suka gaji. Steps suka watse ranar 26 ga Disamba, 2001, NSYNC suka tafi hutun da ya zama rabuwa a 2002, S Club suka bi baya a 2003. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Amma waƙoƙin sun ƙi mutuwa. Spice Girls sun hau fage a bikin rufe wasannin Olamfik na Landan a 2012. Wani fim na Amurka, Deadpool & Wolverine, ya buɗe da rawar “Bye Bye Bye” a 2024, sai ga yaran da ba a haifa ba lokacin da ta fito suna kwaikwayonta a wayoyinsu. A 2025 Backstreet Boys, dukkansu sun haura shekara 40, suka yi jerin wasanni a Las Vegas a kan faifan Millennium, masoyan jiya suka zo, waɗansu da 'ya'yansu. Hausawa suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma babu shakka akwai begen ƙuruciya a cikin wannan. Sai dai bege ba zai bayyana mana rawar ɗan shekara 12 ba, wanda ba shi da bara da zai tuna. Shi abin da ya kama shi shi ne abin da ya kama iyayensa: aiki ne da aka yi shi da kyau.

KAMMALAWA

Shugaba, 'yan'uwa, mun ga yadda aka tara samarin ta hanyar talla, da yadda aka ƙera musu waƙa a Stockholm, da yadda aka dasa rawar da kowa zai iya, da kuma yadda waɗansu suka yi gumi wani ya kwashe. Shawararmu ga masoyin waɗannan waƙoƙi ita ce, kada ya rage sautin rediyonsa don kunyar abokai masu ganin sun fi shi zurfin tunani. Yabon gwani ya zama dole, ko a masana'anta aka same shi. Amma ya ƙara wa sonsa sani. In amshi ya ɗauke shi, ya tuna da Denniz Pop da Max Martin da suka auna shi gaɓa gaɓa, da malamin rawar da ba a nuna fuskarsa, da Baƙar Fatar Detroit da suka share hanyar, da yaran da suka kwana a mota tsakanin garuruwan Jamus ana rubuta musu bashin abincin da suka ci. Kuma idan ya juyo ga mawaƙanmu na gida, ya yi irin wannan tambaya: wa ya yi aikin, wa ya karɓi lada?